Akwatin Kawu a Tsakiyar Allo

Auta ta zana kibiya ta ƙarshe a jikin allo, ta juyo. Yau ake rufe horon masu nazarin ayyukan kamfanoni, kowa zai nuna zanen yadda aiki yake tafiya a wurinsu da inda yake maƙalewa. Ita kamfanin kujeru da gadaje na kawunta ta zana, mutumin da ya ɗauke ta aiki, ya kuma turo ta horon. Ba ta san zai zo kallo ba. Ga shi kuwa a layin gaba, yana gyara zaman tabarau.

"Bismillah, muna jin ki," in ji malamar da ta horar da su.

Auta ta fara bin zanen da yatsa. Mai saye ya zaɓi kujera, an rubuta oda, an zaɓo katako, kafintoci sun haɗa, an yi fenti, mota ta kai. Kowane mataki da akwatinsa. Amma tsakanin kowane akwati da na gabansa, sai kibiyar ta karkata ta koma wani babban akwati a tsakiya kafin ta wuce.

Kawu ya ɗaga hannu. "Wannan ƙaton na tsakiya fa, da kowa yake kai wa gaisuwa, wane ne?"

Da ta ce "ofishin gudanarwa" ta wuce lafiya, kuma haka ta shirya faɗa tun a gida. Amma makonni ta yi tana bin oda ɗaya da ƙafarta, ta ga kafintoci zaune kan benci suna hira, katako jingine, ana jiran sa hannun mutum ɗaya.

"Kai ne, Kawu," ta ce. "Ko ƙusa ba a saye sai ka sa hannu. Ranar da ka yi tafiya, kamfanin ma tafiya yake yi."

Wani a baya ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Kawu ya miƙe a hankali, ya zo gaban allon, ya daɗe yana bin kibiyoyin da ido. Auta har ta fara tunanin abin da za ta gaya wa mahaifiyarta.

"Ba ni abin gogewar nan," in ji Kawu.

Ya shiga goge kibiyoyin da suke komawa kansa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan ta zaɓen katako, sai ya tsaya.

"Wannan kam ba zan saki ba. Ba wanda zai sayo mini ɗanyen katako ina raye."

"Dama ita ban ce a taɓa ba, Kawu."

Ɗakin ya ɗauki tafi. Bai ko kalle ta ba, ya koma ya zauna.

A hanyarsu ta komawa, motar ta tsaya a danja. Nan ya ciro waya ya kira ƙanwarsa, mahaifiyar Auta, ya buɗe murya yadda direba ma zai ji.

"Ke, kin san abin da 'yarki ta yi yau? A gaban manyan mutane ta sallame ni daga aiki! Wallahi ba wanda ya yi zane irin nata a ɗakin nan. Tsaya ki ji yadda aka yi…"