Magulmaciya a Kicin

Tun da Mama ta zame a banɗaki, autanta ya cika mata gida da idanu. Kyamara a falo, kyamara a kicin, duk ya haɗa su da wata 'yar sifika mai amsa magana. Kyamara ta gani, sifika ta tambaya, labari ya garzaya wayarsa a can garin da yake aiki. Mama ta raɗa wa sifikar suna Magulmaciya.

Sharaɗi kuma ya gindaya: in ta sake faɗuwa, a rufe gidan ta koma wurinsa. Gidan da ita da marigayi mijinta suka gina da guminsu! Maganar ta ƙona mata rai, ba ta kuwa ɓoye ba.

Ran nan da hantsi ta miƙa hannu za ta ɗauko tukunya, silifas ya ci amanarta. Sai ga Mama zaune daɓas a kan tayil.

"Da alama kin faɗi," in ji Magulmaciya. "In kira ɗanki?"

"Kira shi ki kwana a bokiti."

"Ban gane ba. In kira ɗanki?"

"A'a, uwar iyayi!"

Tsoro ta ji, ba wasa ba, don ƙugunta na zugi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ta taɓa, ta ji ba karaya. Ta ja jiki zuwa ƙafar tebur, ta dafa, hannu ya suɓuce. Ta sake. Gwiwa ɗaya, hutu, gwiwa ta biyu, zufa na shiga mata ido. Da ƙyar da siɗin goshi ta miƙe.

Ta gyara ɗankwali, ta dubi kyamarar ido cikin ido.

"Magulmaciya, yanzu kira shi."

Muryar ɗan ta fito ta sifikar. "Mama! Bidiyo ya shigo min, na ga kin faɗi. Ki haɗa kaya, gobe ina hanya."

"Ka ga faɗuwa. Tashin fa, ka gani?"

Mama ta ci gaba:

"Da kana koyon tafiya, a kicin ɗin nan ka yi ta faɗuwa, Auta. Ban taɓa kwashe ka na kai gidan wani ba, tsayawa nake in ga ka tashi. Koma ka kalli bidiyon har ƙarshe."

Ta ɗora tukunyarta a wuta.