Amshin da Elspeth Ta Saukar

Tun kafin a buɗe ɗakin sama Elspeth Garrow take kai-komo a kan matakala. Ta hau, ta sauko, ta leƙa taga ta kalli jiragen kamun kifi da ruwan sama ke duka, ta sake hawa. Ƙaninta Lachie, wanda ke kaɗa mata jita tun suna da baƙin gashi, yana zaune a matakin ƙasa yana cin soyayyen kifi da dankali a takarda.

"Yaya, za ki cinye wa mutane katako da takalmi. Ki zauna mana."

"Ci abinka, yaro. Ka dai goge man nan kafin ka taɓa tsirkiya."

Yaron nan fa ya kusa saba'in.

A wannan ɗakin na saman mashaya ta fara waƙa tana budurwa, murya zalla, ba kiɗa ba lasifika. Daga baya ta ɗauko ganguna da jita mai lantarki ta zaga ƙasashe. Can kuma ta yi wasu faya-fayai da kiɗan na'ura, waɗanda ko Lachie ba ya son a tuna masa da su. Duk wannan ita ta zaɓa. Sauyin bana ne bai nemi shawararta ba: muryarta ta sauka, ta yi kauri, ta daina kaiwa sama.

Waƙarta da kowa ya haddace, ta matan da ke gyaran kifi a bakin teku, tana da wani wuri a amshi inda murya ke cillawa sama. Elspeth ta gyara wurin, ta mai da shi ƙasa, kuma ba wanda ya ji tukuna. Ta gaya wa Lachie cewa wasan wannan Lahadin shi ne gwaji. In sabon amshin bai zauna ba a nan, a soke rangadin hunturu, ta ajiye waƙa.

"To ki roƙi masu sauraro su yi shiru," in ji shi.

"A ɗakin nan? Ka taɓa ganin an hana mutum amshi? Gara in ce su bar giyarsu a ƙasa."

Da la'asar ɗakin ya cika da furfura da jiƙaƙƙun riguna. Elspeth ta tsaya, ta gyara gyale, ta sake gyara shi, sannan ta fara. Baitin farko ya fita lafiya. Da aka zo amshi ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, yadda aka saba, kowa ya rufe ido ya cilla sama. Ita ta gangara ƙasa ita kaɗai, ko kunnenta bai ji ta ba.

Lachie ya sunkuyo yana kiɗa, ya raɗa mata, "Kin gani? Sun ɗauke miki nauyin. Ki riƙa motsa baki kawai."

Ta ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyinsa. Kiɗa ya mutu.

Dod, wani tsohon masunci da ke kujerar gaba, ya buɗe ido. "Lafiya, 'yar nan? Ai waƙar na tafiya daidai."

"Taku ke tafiya. Ni kun ji ni?"

"Me za mu ji? Mun san ta. A bikin aurena aka yi ta."

"To ni yanzu ba na kaiwa can." Ta nuna shi da yatsa. "Kai ma, Dod, abin da ya fito daga maƙogwaronka na ɗauka ƙofa ce ke neman mai."

Aka fashe da dariya, har da matarsa, ita ce ma ta fi kowa.

"Ku ara mini shiru sau ɗaya," in ji Elspeth. "Sau ɗaya tak."

Ba a taɓa roƙon haka a ɗakin ba. Wasu suka kalli juna, wani ya ja kujera. Ta rera amshin ita kaɗai, ba jita. Muryar ta gangara a hankali, da ɗan karce, amma ta isa inda aka aike ta.

"Kin kai shi ƙarƙashin ƙasa," in ji Dod.

"Biyo ni ka gani."

Da amshi ya sake zagayowa, rabin ɗakin ya sauko tare da ita, yana laluben hanya. Dod ya kafe ya haura, ya sarƙe, ya yi tari. A zagayen ƙarshe ta jiyo shi can ƙasa kusa da muryarta, fuska a murtuke.

Da aka tashi hutu Lachie ya ce, "To, a soke?"

"Wa ya ce a soke? Ɗauko jitar nan. Waƙar da ke biye ma tana da wani wuri da ban yarda da shi ba."

"Yaya, ko shayi ban sha ba."

Ta riga ta ja hannun rigarsa zuwa lungu, tana gwada wurin a ƙasan maƙoshi.