Fim a Yaren Baba

"A tsaya!" in ji Darakta, karo na tara ke nan.

'Yar wasan ta saki labule ta zauna a bakin ƙofa tana fifita da takardar labarin. Magana ɗaya ce jal ta gagara tun hantsi: uwa ta leƙo ta kira ɗanta ya shigo gida. Kalma huɗu ce, amma a yaren garin su Baba, wanda duk cikin masu aikin babu mai jinsa sai shi Baban, dattijon da ke zaune kan kujerar roba da sanda tsakanin gwiwoyinsa.

"Yanzu kuma me na yi, Baba?" 'yar wasan ta tambaya kamar za ta yi kuka.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Sai dai cewa kika yi yaron ya shiga rijiya."

Kowa ya fashe da dariya, ban da Darakta. Ita Darakta, Baba mahaifinta ne. Shekara uku ta yi tana cike takardu kafin wata gidauniya ta yarda ta ɗauki nauyin fim a wannan yare, kuma yau jami'insu ya zo ganin aiki. Yana tsaye a inuwa da littafi a hannu, ya duba agogonsa sau biyu. Abin da ya rubuta shi zai sa a ci gaba ko a tattara kaya.

Ita kanta Darakta, yaren ta bayan bango ta san shi. Suna yara, Baba da Inna ba sa yin sa sai in akwai abin da ba sa so a ji. Takan kwanta a ɗaki da rana tana jin ƙarar keken ɗinkinsa, tana jin Inna tana masa tsiya da wasu kalmomi masu hawa da sauka, shi kuma yana dariya har keken ya tsaya. Ranar da ta kwaikwayi kalma ɗaya a gabansa, haɗe rai ya yi. "Wannan ba zai ba ki aiki ba. Ɗauko littafinki." Tun rasuwar Inna, shekara shida, ba ta sake jin ya yi hira da yaren ba. Ko a wurin aikin nan kalma-kalma yake bayarwa.

"Baba, don Allah a ƙara faɗa mata a hankali," in ji Darakta.

"Ai ba a hankali ake faɗinsa ba."

Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya taka zuwa ƙofar, ya ɗaga labulen da bayan hannu. Sai ya yi kiran. Muryar da ta fito ba tasa ba ce, siririya ce, mai jan ƙarshen kalma, irin ta macen da ta gaji da kira amma ba ta yi fushi ba. Ya sake yi. Daga nan bai tsaya ba. Ya ci gaba da magana yana kallon tsakar gidan, yana nuna wani wuri kusa da randa, yana amsa wa kansa, wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci muryar ta sarƙe. Mai ɗaukar sauti ya sauko da makirufo saitin kansa. Mai kyamara ya kalli Darakta, ta gyaɗa masa kai.

Da Baba ya yi shiru, babu wanda ya motsa. Jami'in ne ya matso kusa da ita.

"Malama, me ya ce?"

A cikin maganar ta tsinci kalmar ruwa, ta tsinci itace, ta tsinci uwa har sau biyar. A takardun da ta cike ta rubuta cewa tana jin yaren. Za ta iya haɗa masa labari, ba zai taɓa sani ba.

"Ban sani ba," ta ce.

Jami'in ya juya wajen dattijon. "Baba, ko za a fassara mana?"

"Ba da ku nake ba," in ji Baba, yana goge fuska da hannun riga.

Jami'in ya rubuta wani abu ɗan gajere ya rufe littafin. "Kada a goge wannan. Amma kafin ƙarshen wata ina so in ga fassararsa a ƙasan hoton, kalma da kalma. Yadda za ki samo ta, ke kika sani."

Da la'asar ta ɗauki Baba a mota za ta mayar da shi gida. Cunkoso ya tsayar da su a gaban kasuwa, masu talla suna ta ƙwanƙwasa gilashi. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta tattaro 'yan kalmomin da ta sata tun tana yarinya, ta tambaye shi da yaren ko ya gaji.

Baba ya juyo. Ta jira ya haɗe rai, ko ya gyara mata kuskuren. Bai yi ko ɗaya ba. Amsa ya ba ta da yaren, doguwa, ya kuma ɗora da wata, bai fassara komai ba. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon motar.