Gwaggo Kaitira Ba Kuka Take Yi Ba

Rereao ba ta yi niyyar zuwa laccar ba. An dai gaya wa 'yan ajinsu duk wanda bai sa hannu a takardar halarta ba zai gani a makinsa, shi ya sa ta shiga ta zauna can baya, kusa da ƙofa. Shekararta ta uku ke nan tana karatun kimiyyar ruwa a wata jami'a a Suva, babban birnin Fiji, ita kaɗai ce 'yar Kiribati, ƙasar ƙananan tsibirai a tekun Pasifik, a ajinsu.

Baƙon malamin, Dokta Halloran, daga Ostareliya ya zo, mutum ne mai fara'a wanda ya iya bakinsa. Ya yi ta nuna taswirori a kan ƙasashen da teku zai haɗiye, can sai ya danna na'ura, wani hoto ya cika bango. Tsohuwa ce zaune cikin ruwa har ƙugu, ta rufe fuska da hannu biyu. A ƙasa an rubuta: wata mata tana kukan gidanta da teku ya ci.

Wata ɗaliba a gaba ta ce, "Wayyo."

Rereao kuwa ji ta yi jini ya hau mata ka. Ta san rigar nan mai jajayen furanni, ita ta saye ta a kasuwar Suva. Gwaggonta ce, Kaitira, yayar babanta. Ta san ranar ma, don tana gida hutu a tsibirin Nonouti lokacin da wasu baƙi suka zo da kyamara. Gwaggo na cikin tonon katantanwar teku, ta baro haƙoranta na roba a ɗaki, da aka nuno ta sai dariya ta kama ta, ta rufe fuska. Gidanta kuwa yana nan daram.

"An ce mini akwai 'yar Kiribati a nan," in ji Dokta Halloran. "Ko za ki gaya mana yadda mutum yake ji idan ƙasarsa na ɓacewa?"

Kawuna ɗari biyu suka juyo. Ta miƙe.

"Malam, wa ya ce maka kuka take yi?"

"Na'am?"

"Matar nan gwaggona ce. Dariya take yi. Ta manta haƙoranta a gida ne."

Wasu suka fashe da dariya, abin ya ƙara tunzura ta.

"Ba abin dariya ba ne! Ka tambayi sunanta? Da mai hoton ya ɗan juya hagu, da kun ga maza talatin suna ɗora dutse kan dutse, suna gina katangar tare ruwa da hannunsu. Wannan bai yi muku kyau ba, ko? Tsohuwa mai kuka kuke so."

Fuskar malamin ta yi ja. Ya ce shi a wurin wata ƙungiya ya samo hoton, misali ne kawai, kuma ai ba wanda zai musa cewa teku na tasowa.

"Ni zan musa?" in ji ta. "Rijiya arba'in da ɗaya na auna a ƙauyenmu, goma sha bakwai gishiri ya shige su. Ka tambaye ni wannan in gaya maka. Amma ba ka ce me na auna ba, cewa ka yi yaya nake ji."

Ta kwashi littattafanta ta fita, ko hannu ba ta sa a takardar ba.

A kantin abinci Sekove ya same ta, ta sa rogo da kifi a gaba ta kasa ci. Ɗan Fiji ne mai karatun siyasa, sakataren ƙungiyar ɗalibai, abokinta tun ajin farko.

"Sannu, jaruma," in ji shi, ya ja kujera. "Kin huce?"

"Kar ka fara."

"Sai na fara. Mutumin nan yana goyon bayanmu, kin sani? Hoton nan a manyan tarurruka ake nuna shi. Ke kina jin manyan ƙasashe za su motsa don rijiya goma sha bakwai? Hawaye suke ganewa, Rereao. In ƙarya ƙarama za ta sa su rage hayaƙinsu, a bar ta mana."

"To kawo hoton uwarka a rubuta."

"Ke, ki iya bakinki."

"Ka gani? Taka ba a taɓawa. Ka san abin da ƙaryar nan ke koya musu? Cewa mun riga mun mutu, saura a kwashe gawa. Wanda aka gama yi wa makoki ba a gina masa tankin ruwa. Jirgin kwashewa ake aiko masa."

"Wannan falsafa ce. Ni siyasa nake gaya miki."

"Siyasar mabarata."

Sekove ya ture kujera ya tafi, ya bar shayinsa.

Da yamma ta kira gida. Sai da aka aika aka nemo Gwaggo Kaitira daga wurin saƙar tabarma. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni? Kuka? A gaban baƙi? Ranar da na binne mijina ma ban yi ba sai da kowa ya watse." Muryarta ta yi kauri. "Ki gaya masa ya zo ya ɗauki dutse ɗaya ya ɗora, in tausayi ne ke damunsa. Ke kuma kina cin abinci kuwa?"

Kwana biyu bayan haka shugabar sashe, Dokta Naivalu, ta kira ta ofis. Ta ce gaskiyarta ce, amma ba a kunyata baƙo a gaban jama'a, don haka ta rubuta takardar ban haƙuri. Rereao ta zauna nan take ta rubuta layi biyu: ta ba da haƙuri don ta ɗaga murya, tana kuma jiran wanda zai ba gwaggonta haƙuri. Dokta Naivalu ta karanta, ta cire tabarau ta dube ta.

"Haka zan aika?"

"Haka, Malama."

Ta aika. Amsa ta zo bayan mako guda, gajera, mai ladabi. Dokta Halloran ya ce ya cire hoton daga laccarsa. A kan ƙungiyar da ke ci gaba da yaɗa shi kuwa, ya ce ba shi da iko. Rereao ta rubuta musu sau uku, ba su amsa ba.

Abin da Dokta Naivalu ta iya yi shi ne ta ba ta minti ashirin a taron sashe na ranar Laraba, ta gabatar da aikin rijiyoyin. Mutum tara suka zo. Rereao ta dubi kujerun da ba kowa, amma ta yi bayaninta rijiya bayan rijiya, da sunan mai kowacce. Sekove na tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu, bai shigo ba, bai kuma tafi ba sai da ta gama.

Tana naɗe takardunta wata 'yar ajin farko ta matso, ta ce sunanta Seluia, daga tsibiran Tuvalu take, rijiyar kakarta ma ta fara ɗanɗanon gishiri. Ko za a ara mata ma'aunin gishirin da aka auna rijiyoyin da shi idan hutu ya zo?

"Ba nawa ba ne, na sashe ne," in ji Rereao a taƙaice, don har lokacin ranta a ɓace yake. "Ki je ki cika takarda." Yarinyar ta juya za ta tafi, sai ta kira ta. "Ke, dawo. In kika tsoma shi haka kawai, shirme zai ba ki. Ɗebo ruwa a kofin can in nuna miki yadda ake saita shi."