Ɗango Uku a Kan Nata Biyu

Zulkifli yana da rumfar cajin waya a bakin tashar Gumel, yana kuma da shafi a intanet inda yake zuba waƙoƙinsa. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya kasa faɗa da baki, baiti yake ɗora wa.

Da damina ta faɗi, masu shafuka na yankin suka buɗe zaure a waya, suka sa gasar waƙar kullum. Cindo, wani malamin firamare a Maigatari, shi ne shugaba. Da safe ya ba da jigo, kafin magariba kowa ya kawo waƙarsa. Wanda ya tsallake rana ya fita.

A nan Zulkifli ya san Hadiyya, 'yar garin Sule Tankarkar. Sau ɗaya ya taɓa ganinta, a taron marubuta, ta miƙo masa ruwa tana dariyar yadda yake karatu kansa a ƙasa. Ita ba ta dogon rubutu. Ɗango biyu take yi ta tsaya. Wata rana ya yi wa nata tahamisi, wato ya ɗora ɗango uku nasa a kan nata biyu, amsa-amo ɗaya, har ba a gane inda aka yi ɗinki. Zaure ya yaba. Washegari ta sake barin biyu, ya sake cikawa. Haka abin ya zama al'ada. In jigon gero ne, sai ya sa idonta a ciki. In kasuwar Alhamis ce, muryarta ce ke tashi a tsakiyar karar shanu. A ransa, zance yake zuwa wurinta.

Yayarsa Lauratu, wadda ke kawo masa abincin rana, ta leƙa wayar wata rana.

“Malam mawaƙi, wannan yarinyar ta san kana yi kuwa?”

“Ta sani.”

“Ka taɓa taka ƙofar gidansu?”

“Sai an gama gasa.”

“To Allah ya sa ta jira. Motar Sule Tankarkar dai ga ta can, kullum a gabanka take lodi.”

Ya gyara wayar janareto da ba ta lalace ba.

Ana dab da rufe gasar, Cindo ya ba da jigon gida. Hantsi bai yi ba Hadiyya ta sa nata. Ɗangon farko ya ce an kawo goro gidansu, na biyu ya ce ta kusa koyon sabuwar hanyar rijiya. A ƙasa ta ƙara da zube: an sa ranarta da Aminullahi, mai sayen hatsi a Gagarawa, tana neman addu'ar 'yan zaure.

Zulkifli ya karanta. Wani direba yana ta tambayarsa ko wayarsa ta cika, ya miƙa masa ta wani. Sai da aka yi musayar, ya zaga bayan rumfa ya kira Hadiyya. Bai taɓa kiranta ba sai ranar.

“Yau kuma da baki, Malam Zulkifli?” in ji ta.

“Na ga abin da kika sa.”

“To ka yi mini addu'a mana.”

“Hadiyya, duk abin da nake rubutawa, ba ki gane ba?”

Yana jin ana daka a gidansu.

“Na gane tun na gero,” ta ce. “Na ɗauka za ka zo. Ranar da Baba ya zaunar da ni ya ce ko akwai wani in faɗa, me zan nuna masa? Baiti? Baba ba ya karanta shafinka.”

“Jira nake a gama.”

“Shi Aminullahi bai jira komai ba. Ko amsa-amo bai sani ba, wallahi. Amma duk Juma'a yana ƙofar gida, har Inna ta san ƙarar babur ɗinsa. Kuma ina sonsa, kada ka zaci dole aka yi mini.”

“Ban zata ba.”

“Ka cika mini na yau, don Allah. Ba wanda ya iya kamarka.”

Ya koma rumfa. Hadari ya haɗu ta gabas, 'yan kamasho suna ta kiran Gagarawa, saura mutum ɗaya. Ya daɗe yana kallon ɗangonta biyu. Kalmomin suka zo da kansu, kamar kullum, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya yi mata fatan rijiya mai zaƙi da maƙwabta masu kirki da miji mai dawowa da wuri. Bai sa idonta ba. Ya tura ana kiran la'asar.

Zaure ya cika da yabo. Cindo ya ce tun da aka fara gasar ba a yi kamarta ba. Can sai ga saƙo daga lambar da bai sani ba.

“Salamu alaikum Malam, Aminullahi ne. Hadiyya ta karanta mini. Ni ban san waƙa ba, amma wannan ta shige ni. Ka ba ni izini a karanta ta ranar walima?”

Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rumfar. Zulkifli ya ja wayoyin mutane ciki, ya rufe su da leda, sannan ya rubuta:

“Na ba ka.”