Lambobin da Yaya Ya Cire

Baba ya zame a banɗaki ya goce kafaɗar dama. Bayan an kwance ɗauri, likitar gashin ƙashi ta koya masa yadda zai riƙa motsa hannun, amma da mun dawo gida sai ya ce ya manta. Ni da Yaya muna da ɗan kamfanin rubuta manhajar waya, shi ke nemo masu saye, ni ke rubutawa. Sai na zana wani ɗan mutum a fuskar waya yana ɗaga hannu a hankali, Baba ya riƙa binsa.

Ba kowane motsi nake zanawa ba. Jerin lambobi biyu nake ba wayar, ɗaya na lokaci, ɗaya na inda hannu ya kai a wannan lokacin, ita kuma ta cike abin da ke tsakani. Na zuba lambobi da yawa a tsakiya don hannun ya hau sannu sannu, ta ƙarshe kuma na tsayar da ita daidai kafaɗa, inda likita ta ce kada ya wuce. Baba tela ne, mutum ne mai bin awo. Abin da ɗan mutumin ya yi shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

Wata safiya Mama ta kira ni ta ce in zo maza. Na tarar da Baba zaune a ƙasa ya jingina da kujera, gumi ya jiƙa masa riga, ya riƙe kafaɗa yana cije leɓe. Wayar na kan darduma, ɗan mutumin nawa yana wurga hannu har bayan ƙeya kamar mai tsayar da mota. A asibiti aka ce jijiyar kafaɗar ta yage. Likitar ta dubi wayar, ta dube ni.

"Ke kika ce masa ya kai nan?"

Ni da Yaya ne kaɗai ke taɓa wannan aiki, ni kuwa ban taɓa shi ba.

Na same shi a ofis ya miƙe ƙafa a kan tebur yana waya. Na fizge wayar na kashe.

"Auta, lafiyarki?"

"Yaya, me ka yi wa lambobina?"

Ya sauke ƙafa. "Oh, wannan. Masu gidan motsa jikin da nake son sayar wa ne suka ce abin ya yi sanyi, kamar tsoho. Sai na cire na tsakiyan, na ɗaga ta ƙarshe, na ɗan ba shi rai."

"Ai tsoho ne ke binsa!"

"Na ɗauka wayar gwaji kawai zai shiga."

"Wayar Baba ce wayar gwajin! Da hannunka ka saya masa ita!"

Da na gaya masa inda Baba yake, sai ya tashi yana laluben makullin mota, amma bakinsa bai daina ba. Wai lambobi kaɗan ne, wai ni ma me ya sa ban raba na Baba da na kasuwa ba, wai Baba ai ba yaro ba ne, da ya ji zafi sai ya tsaya.

Nan idona ya rufe. Na ce, "Ka san Baba yana tsayawa? Mutumin da ya koya maka cewa abin da aka auna ba a musu da shi? Ka zauna ka goge aikina ko tambaya babu, don wasu ƙarti su tafa maka. Wallahi yau da bakinka za ka gaya masa."

Maƙwabcinmu mai gyaran firinta ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma.

Yaya bai gaya wa Baba ba. Lemo da ayaba ya saya ya kai asibiti, ya zauna bakin gado yana ta sannu. Ni na faɗa, a gabansa. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya fuska bango ya ce a kashe fanka.

Na mayar da lambobin yadda suke, na canza kalmar sirri, amma Baba ya ƙi ko kallon wayar. Ya ce abin da ya yi masa ƙarya sau ɗaya ba ya komawa wurinsa. Yanzu kullum kafin in tafi aiki sai in biya gida, in tsaya a gabansa ina ɗaga hannuna a hankali yana bina, yana mita wai ina sauri.

Ni da Yaya gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don Mama. Masu gidan motsa jikin kuwa sun ga nasa, sun yaba, sun saya. Yaya ya turo mini saƙo yana tambaya ko zan ƙara wa ɗan mutumin gudu kaɗan.