Yatsana Ba Ya Hawa Takarda Ta Biyu

Naira dubu huɗu da ɗari biyar nake bin Tukur, ɗan ƙanena, kuɗin mazarƙwailar da ya ɗiba a wurina lokacin sunan 'yarsa. Yarinyar har ta fara rarrafe. Shi ya sa da Timoti ya zo neman hayar fadamata ta Gazara zai sa rake, na ce a shagon Tukur na kasuwar Makarfi za a buga takardar, a cire kuɗin bugun daga abin da nake binsa.

Timoti bai ɓoye mini ba. Akwai wata fadama a Nasarawan Doya da ake masa tayi, in ba mu gama a ranar ba can zai kai kuɗinsa. Shaidarmu Malam Bobbo kuma motar Zariya zai bi da an yi azahar.

Tukur ya ce abu ne mai sauƙi, yana da irin takardar a kwamfuta, suna kawai zai canza. Sama rubutu, gefe akwati biyu na liƙa hoto, ƙasa gidaje-gidaje kamar na dara, kowa da inda zai sa hannu. Ya bugo ya miƙo mini. Na duba gidan da zan dangwala, ko yatsan jariri ba zai shiga ba. Na ce ya buɗa shi. Ya ja, gidan ya buɗu, sai gidajen duk suka tsallaka takarda ta biyu. Ya bugo su haka nan, wai za a danne biyun a haɗa.

"Gwaggo, duk ɗaya ne fa. Ko a banki haka ake yi."

"To kai wa bankin. Ni ba na dangwala yatsa a takardar da babu magana a samanta. Gobe in na mutu wani ya cire ta farko ya liƙa wata, a ce sayarwa na yi."

Timoti ya yi dariya. "Mama, ni ne wanin?"

Na ce ba shi ba ne, amma yana da 'ya'ya, ni ma ina da su, kuma na san nawa.

Tukur ya koma ya ƙanƙanta rubutun har komai ya shiga takarda ɗaya. Malam Bobbo ya kai ta hanci, ya miƙar da ita nesa, ya ce ba ya shaidar abin da ba ya iya karantawa. Aka mayar da rubutun yadda yake. Tukur ya matse gefe da gefe, sai akwatin hotona ya zame ya zauna daidai kan layin da aka ce shekara uku. Na tambaya wa ya aike shi can. Wai ba a ɗaure yake ba, yawo yake a kan takardar. Ya jawo nawa sama, na Timoti ya fice ta gefe, rabinsa kawai ake gani.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Inji babu mai. Tukur kallona kawai yake yana sosa ƙeya. Na kwance haɓar zani na ba shi dubu biyu, na ce Malam Bobbo ya shaida rance ne. Da injin ya tashi, ashe duk gyaran da aka yi bai ajiye ba.

Timoti ya fara duba waya. Na ji an kira salla.

Nan ne dai yaron ya nutsu. Ya goge akwatunan nan masu yawo gaba ɗaya, ya ƙara gida ɗaya a gefen kowane suna, ya ce hoton a nan zai zauna, ba inda za shi. Ya tsayar da tsayin kowane gida don kada wani ya kumbura ya ture ɗan'uwansa. Saura layi ɗaya ya ƙi shiga. Na nuna masa zanen fulawar da ya yi wa takardar ado a sama, da sunan shagonsa manya-manya.

"Gwaggo, talla ce."

"Fadamarka ce?"

Ya cire. Takarda ɗaya ta fito. Malam Bobbo ya karanta mana a tsaye, jaka a kafaɗa. Na dangwala, yatsan ya zauna daram, Timoti ya ƙirgo kuɗina.

Tukur ya ce aikinsa dubu ɗaya da ɗari biyar, ban da takardun da suka lalace. Na ce waɗannan shi ya ɓata su. Na cire kuɗin aikin, na ɗora na mai, ya kama dubu biyar cif.

"Yanzu aiki na yi miki, bashin ya ƙaru?"

Ya ce ran kasuwa mai zuwa zai biya. Raken Timoti ya kai ƙugu, ban ga ko sisi ba.